Cututtukan bishiya da ƙwari masu huda itace ke yaɗawa

Cututtukan bishiya da ƙwari masu huda itace ke yaɗawa rukuni ne na cututtukan tsirrai waɗanda funfuna ke haddasawa, ƙwari kuma su ɗauke ta daga wata bishiya zuwa wata. Ƙwarin ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu ba su wuce ƙwayar riɗi ko ta shinkafa ba, kuma ramin da suke hudawa bai fi bakin biro faɗi ba. Ramin shi kaɗai ba kasafai yake kashe bishiya ba. Abin da ke kisa shi ne funfunar da ƙwaron ya shigo da ita, wadda ke bazuwa cikin jijiyoyin da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye har su toshe, bishiyar ta bushe a tsaye ko da gindinta yana cikin danshi.

Irin waɗannan cututtuka sun kashe miliyoyin bishiyoyi a Turai da Amurka, sun lalata lambunan mangwaro a Brazil da Oman da Pakistan, kuma tun shekarar 2017 ɗaya daga cikinsu ke cin bishiyoyin biranen Afirka ta Kudu. Ƙwaron ba ya yin nisa sosai da fukafukansa. Mutane ne ke kai shi nesa, a cikin itacen girki da gungumen katako da akwatunan kaya da dashen bishiya. Wannan ya sa batun ya shafi masu lambu da masu sayar da itace a ƙasar Hausa, inda mangwaro da dogon yaro suke cikin manyan bishiyoyin inuwa da na samun kuɗi.

Suna da ma'ana

A Hausa, funfuna ita ce abin nan fari ko kore ko baƙi da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a jikin goron da ya sha danshi. Masana kimiyya sun sa ta cikin babban rukunin halittu da suke kira fungi, wanda ya haɗa da naman kaza, da yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, da ɓurtuntunar da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari. A wasu rubuce-rubucen Hausa na intanet ana kiran rukunin da naman gwari. Funfuna ba ta da ganye, ba ta haɗa abincinta da hasken rana. Jikinta zare ne siriri da ke ratsa abin da take ci, kuma tana yaɗuwa ta ƙwayoyin iri da ido ba ya gani.

Kalmar ƙwaro kuwa tana da faɗi, domin ta haɗa halittu masu yawa. Ƙwarin da ake nufi a nan su ne masu taurin baya, 'yan dangin ƙwaron da ke huda hatsi a rumbu. Ba gara ba ne, ba kuma zago ba, ko da yake sau da yawa gara ce ake ɗora wa laifi, saboda ita ake tararwa a jikin bishiyar bayan ta riga ta mutu.

Ire-iren ƙwarin

Akwai rukuni uku da ya kamata a bambance.

Na farko su ne ƙwarin ɓawo. Suna zaune tsakanin ɓawo da itace, suna cin laushin da ke wurin. Idan aka ɓare ɓawon za a ga zanen hanyoyinsu kamar an yi rubutu da tsinke. Ƙwayoyin funfuna kan manne a jikinsu, su fita da su zuwa wata bishiya. Suna cikin ƙaramin dangin Scolytinae, mai nau'i kusan 6,000.

Na biyu su ne ƙwarin ambrosiya, masu nau'i fiye da 3,000. Wasunsu na cikin Scolytinae, wasu kuma na cikin Platypodinae. Waɗannan sukan huda har cikin tsakiyar itace, amma ba itacen suke ci ba. Funfuna suke shukawa a bangon ramin, su da 'ya'yansu su rayu a kanta.

Na uku su ne masu cin busasshen itace, na dangin Bostrichidae. Su ne ke zubo da gari mai laushi daga katakon rufi da gora da ƙotar fartanya. Sitacin da ke cikin itacen suke nema, ba sa noman funfuna. Akwai manya daga cikinsu, irin su Apate terebrans, baƙin ƙwaro mai tsawon santimita 2 zuwa 3, da ke huda ɗanyen kashu a Najeriya da Benin har reshe ya karye idan iska ta taso. Ɓarnarsu ta huda ce, ta bambanta da ta rukuni biyun farko.

Yadda ƙwaro ke noman funfuna

A shekarar 1836 wani limamin Kirista ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Josef Schmidberger ya lura da wani farin abu a bangon ramukan ƙwari cikin bishiyar tuffa. Ya ga 'ya'yan ƙwarin na cin sa, sai ya kira shi ambrosiya, wato sunan abincin alloli a tatsuniyoyin Girkawa. A 1844 masanin gandun daji Theodor Hartig na Jamus ya gane cewa farin abin funfuna ne. A 1956 Helene Francke-Grosmann ta bayyana cewa ƙwarin na da wasu 'yan aljihuna a jiki da suke ajiye funfunar, kuma a 1963 Lekh Batra ya raɗa musu suna mycangia. A wasu nau'o'in aljihun na kusa da baki, a wasu kuma yana a ƙirji ko a gindin fiffike.

Mace ce ke fara aiki. Takan sauka a kan bishiya, ta huda rami, ta riƙa turo garin itace waje. Tana tafiya tana zubar da irin funfunar daga aljihunta. Cikin 'yan kwanaki bangon ramin zai rufe da farin abu, sai ta yi ƙwai. Tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe su ci funfuna su girma. Idan sun zama ƙwari, matan sukan cika aljihunansu da iri kafin su fita. Kowanne na amfanar ɗan'uwansa: ƙwaro ba zai iya narkar da itace ba sai da funfuna, funfuna kuma ba ta da ƙafar zuwa wata bishiya sai da ƙwaro.

A ƙabilar Xyleborini, wadda ta fi kowace yin ɓarna, mazan kaɗan ne, ƙanana, kuma ba sa tashi. Sukan yi barbara da 'yan'uwansu mata tun a cikin rami, don haka kowace mace takan fito da cikinta da kuma irin abincinta. Ko da ba ta haɗu da namiji ba, ƙwan da ta yi zai ba da maza, ta yi barbara da su. Ma'anar wannan ita ce mace guda a cikin guntun katako ta isa ta kafa zuriya a sabuwar ƙasa.

A asalin mazauninsu yawancin waɗannan ƙwari matattun bishiyoyi da masu jinya suke nema, kuma suna taimaka wa daji wajen ruɓar da itace. Suna gane bishiya mai rauni ta ƙanshin sinadarin itanol da take fitarwa idan ta sha fari, ko ambaliya ta shaƙe saiwarta, ko wuta ta taɓa ta. Annoba takan tashi ne idan ƙwaro da funfunarsa suka isa wata ƙasa suka tarar da bishiyoyin da ba su taɓa haɗuwa da su ba.

Yadda bishiya ke mutuwa

Ruwa na hawa bishiya ta wasu siraran bututu da ke cikin ɗanyen itacen da ke ƙarƙashin ɓawo. Idan funfuna ta shiga bututun, zarenta da ƙwayoyin irinta sukan bi ruwan su yi sama. Bishiyar kan yi ƙoƙarin tare ta, ta cika bututun da ƙaro da wasu ƙananan kumburi masu kama da balan-balan. Idan toshewar ta tsaya a wuri guda, bishiyar ta tsira. Idan funfunar ta fi ta sauri, sai ta yi ta toshe hanyoyin ruwanta ɗaya bayan ɗaya har ganye ya rasa abin sha. A wasu cututtukan, wannan martanin na bishiyar ya fi funfunar kanta yin kisa.

Akwai kuma funfunar da ba ta tafiya nesa, sai dai ta kashe naman da ke kewaye da ramin. A nan yawan ramuka ne ke kisa: idan ɗaruruwan ƙwari suka huda reshe guda, miyakun sukan haɗe su zagaye shi, abin da ke sama ya bushe. Wata funfunar kuma ba ta kisa, sai dai ta rina katako ya yi shuɗi ko baƙi, farashinsa ya faɗi.

Alamomi

Alamomin da aka fi gani sun haɗa da:

Ƙananan ramuka zagayayyu a gangar jiki ko a rassa, masu faɗin milimita 1 zuwa 2.

Garin itace a kan ɓawo ko a gindin bishiya. Wani lokaci yakan fito a dunƙule kamar tsinken sakace.

Ƙaro ko ruwa mai duhu da ke tsattsafowa daga ɓawo.

Yaushin ganye a reshe guda ko a gefe guda, sauran bishiyar kuma kore shar.

Busasshen ganye da ya ƙi zuba, ya tsaya a jikin reshe kamar an babbake shi.

Zane baƙi ko ruwan ƙasa a jikin itace idan an sassaƙe ɓawon.

Alama guda ba ta isa a yanke hukunci ba, domin fari da gishirin ƙasa da ruɓewar saiwa duk suna sa yaushi. A ɗakin gwaji ake tabbatarwa. Ɗaya daga cikin hanyoyi masu sauƙi na gano funfunar Ceratocystis ita ce a sa guntun itacen da ake zargi tsakanin yankan karas guda biyu a ajiye a wuri mai danshi. Idan tana nan, cikin kwanaki za ta fito a jikin karas ɗin, tana ƙanshi kamar na nunanniyar ayaba. Wannan ƙanshin ne ke jawo ƙwari zuwa gare ta.

Cutar mutuwar mangwaro farat ɗaya

A cikin dukan waɗannan cututtuka, wadda ta fi kusa da rayuwar mai lambu a ƙasar Hausa ita ce ta mangwaro. An san ta a Brazil tun wajen ƙarshen shekarun 1930, inda ake kiran ta da sunan da ke nufin bushewar mangwaro. Funfunar Ceratocystis fimbriata ce ke haddasa ta, kuma takan shiga ta rassa inda ƙwaron ɓawo ya huda, ko ta saiwa daga ƙasar da ta gurɓata.

A shekarar 1998 cutar ta ɓulla a ƙasar Oman, a yankin Barka da ke gaɓar Al Batinah. Wuri ne mai zafi da ƙarancin ruwan sama, inda lambuna suka dogara da ban ruwa daga rijiyoyi. Cikin 'yan shekaru ta taɓa kusan kashi 60 cikin 100 na mangwaro a wasu sassan yankin, kuma ta kashe bishiyoyi fiye da 200,000. Bishiya kan fara da zubar ƙaro, sai yaushi a gefe guda, sannan ta mutu cikin watanni. Da farko an zargi wata funfuna mai suna Lasiodiplodia theobromae saboda ita aka fi samu a jikin matattun bishiyoyin. Daga baya gwaji ya nuna Ceratocystis ce ke fara kisa, ɗayar kuma ta biyo baya. A 2007 masu bincike na Oman da na Jami'ar Pretoria suka ba ta suna Ceratocystis manginecans, wato mai kashe mangwaro, ko da yake wasu masana na ɗaukar ta a matsayin reshe na C. fimbriata. A kusan lokaci guda cutar ta addabi lardunan Sindh da Punjab na Pakistan, ciki har da lambunan Multan.

Mai ɗaukar ta ƙwaron ɓawo ne da bai kai milimita 2 sosai ba. An daɗe ana kiran sa Hypocryphalus mangiferae. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna nau'i biyu ne masu kama da juna aka haɗa a suna guda, kuma yanzu dukansu suna ƙarƙashin sunan Cryphalus.

Abu biyu daga Oman sun zama darasi. Na farko, mangwaron gida da aka shuka daga ƙwallo ya fi mutuwa fiye da nau'o'in waje, kuma mangwaro mai aure yakan mutu idan gindin da aka ɗora shi a kai mai rauni ne. Wannan ya sa aka mayar da hankali ga neman gindi mai juriya, kamar yadda cibiyar binciken noma ta Campinas ta yi a Brazil. Na biyu, funfunar ba ta tsaya kan mangwaro ba. An same ta tana kashe bishiyar Prosopis cineraria a Oman da Dalbergia sissoo a Pakistan, da gandayen Acacia mangium a Indonesiya da Malesiya.

Wasu annoba a duniya

Cutar bishiyar elm ita ce ta fi shahara. An fara ganin ta a arewa maso yammacin Turai wajen 1910. Masu bincike mata na ƙasar Holan, Bea Schwarz da Christine Buisman, su ne suka gano funfunar suka kuma tabbatar da ita a shekarun 1920, shi ya sa ake jingina sunan cutar ga Holan ko da yake ba can ne asalinta ba. Ta isa Amurka wajen 1930 a cikin gungumen katako. A ƙarshen shekarun 1960 wani nau'i mafi tsanani, Ophiostoma novo-ulmi, ya shiga Birtaniya a gungumen da aka kawo daga Kanada, ya kashe bishiyoyi fiye da miliyan 25.

A 2002 an kama ƙwaron Xyleborus glabratus, ɗan asalin Asiya, kusa da tashar jiragen ruwa ta Savannah a jihar Jojiya ta Amurka. Funfunarsa ta kashe ɗaruruwan miliyoyin bishiyoyin daji na dangin fiya, kuma a 2012 ta shiga gonakin fiya na kudancin Florida.

Ƙwaron Euwallacea fornicatus, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya, yana ɗauke da funfunar Fusarium euwallaceae. An gan shi a Kalifoniya a 2003, a gonakin fiya na Isra'ila a 2009, a birnin Perth na Ostireliya a 2021. A Afirka, Trudy Paap ta Jami'ar Pretoria ce ta gano shi a 2017 a lambun tsirrai na Pietermaritzburg. Cikin 'yan shekaru ya bazu zuwa yawancin lardunan Afirka ta Kudu, har da Johannesburg da Cape Town. Yana kai hari ga ɗaruruwan nau'o'in bishiya, kuma cikin tsirran da yake hayayyafa a jikinsu har da zurma, wadda ke fitowa a bayan gari da bakin kwata a ko'ina cikin ƙasar Hausa.

A Kudancin Amurka akwai cutar koko da funfunar Ceratocystis cacaofunesta ke haddasawa. Manoma na kiran ta cutar adda, domin addar da aka sari bishiya mai ciwo da ita takan kai cutar ga mai lafiya. Ƙwarin Xyleborus kuma sukan turo garin itace mai ɗauke da irin funfunar, iska da ruwa su watsa shi.

A Afirka ta Yamma

Ƙwarin ambrosiya tsofaffin mazauna dazuzzukan kudancin Najeriya da Gana ne. A zamanin mulkin mallaka ɓarnarsu ga katakon da ake fitarwa waje ta kai har aka kafa sashen bincike na musamman a Kumasi a shekarun 1950. Sukan afka wa gungume cikin kwanaki kaɗan da sare shi, musamman farin katako irin obeche. Wani nau'i mai suna Trachyostus ghanaensis yana huda obeche tun tana tsaye da ranta. Kafintoci a Arewa sun saba ganin sawun wannan aiki a katakon da ake kawowa daga Kudu: ƙananan huji masu baƙin baki, wani lokaci da zane shuɗi a kewaye. Baƙin shi ne ragowar funfunar. Idan katako ya bushe sosai funfunar takan mutu, ƙwarin ma su ƙare, don haka garin da ke zuba daga busasshen katako aikin rukuni na uku ne.

Ƙwaron Xylosandrus compactus, wanda ya zo daga Asiya, ya bazu a ƙasashen Afirka masu zafi, har da Najeriya. Ya bambanta da 'yan'uwansa domin yana huda ƙananan rassa masu lafiya. Yana damun kofi da koko, kuma mangwaro da fiya da dangin maɗaci na cikin bishiyoyin da yake kamawa, musamman dashe a wurin reno.

Funfunar Lasiodiplodia theobromae ma tana ko'ina a yankin. Ita ce ke ruɓar da doya a ajiya, take rina katako, take kuma sa bushewar rassan koko da kashu. An danganta ta da bushewar mangwaro a Gana da Burkina Faso. Takan zauna lamo a jikin bishiya mai lafiya, sai rauni ko ƙishi ya zo ta tashi, kuma kowane irin miki, har da hujin ƙwaro, ƙofa ne a gare ta.

Ba kowace bushewa ce ta ƙwaro da funfuna ba. Dogon yaro, wanda aka shigo da shi lardin Borno a 1928, ya gamu da matsala biyu a yankin Tafkin Chadi. A shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye, Aonidiella orientalis, ya yi masa ɓarna. Daga ƙarshen 1990 kuma aka ga wata lalacewa a Nijar da arewacin Najeriya, inda tsofaffin ganye ke zubewa a bar tukku a ƙarshen dogon reshe, har aka kwatanta shi da wuyan raƙumin dawa. Masu bincike sun fi danganta wannan da ƙarancin ruwa da taurin ƙasa. Misalin na nuna amfanin gwaji kafin a kashe kuɗi a kan magani.

Ƙasar Gwandu da Kalgo

Garin Masama yana cikin ƙaramar hukumar Gwandu ta jihar Kebbi. Yankin Gwandu da Kalgo na da damina ta wata huɗu zuwa biyar da dogon rani, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Mangwaro da gwaba da lemo sun fi yawa a lambuna da bakin fadama, dogon yaro a tituna da makarantu da kasuwanni, gawo da tsamiya da kuka da ɗorawa kuma a gonaki. Bishiyar mangwaro guda kan yi shekaru masu yawa tana ba gida 'ya'ya da inuwa, kuma idan ta mutu sai an jira shekaru kafin sabon dashe ya maye gurbinta.

Abubuwan da ke raunana bishiya har ƙwari su ji ƙanshinta duk sanannu ne a yankin. Akwai ƙishin bazara, daidai lokacin da mangwaro ke ɗauke da 'ya'ya. Akwai ambaliya, irin wadda jihar ta gani a 2012 da 2020, wadda ke barin saiwa cikin ruwa na makonni. Akwai kuma miyakun da hannun mutum ke yi: sassaƙen magani da ake ɗiba a jikin maɗaci da mangwaro har wani lokaci a zagaye gangar, saran rassa da barandami domin dabbobi, ƙona shara a gindin bishiya, buga ƙusa, da ɗaure dabba da igiya ko waya. Adda guda kan zaga lambu duka ba tare da an goge ta ba.

Hanyoyin da cuta ke bi su ma a buɗe suke. Ana ɗauko itacen girki daga nesa a motoci da amalanke, kuma bishiyar da ta mutu ita ake fara sarewa a kai kasuwa, alhali a lokacin ne take cike da ƙwari. Ana sayen dashen mangwaro mai aure daga wasu jihohi. Jihar kuma tana iyaka da Nijar da Benin, kaya na shiga suna fita. Yanayin lambunan Al Batinah, wato zafi da ban ruwa da mangwaron gida na ƙwallo, bai yi nisa da na lambunan wannan yanki ba.

Rigakafi da magani

Da zarar funfuna ta cika jijiyoyin bishiya, da wuya a ceto ta. Feshin maganin ƙwari ba ya kai wa ga ƙwaron da ke can cikin itace, kuma ba ya kashe funfuna. A wasu ƙasashe ana yi wa bishiya allurar maganin funfuna ta gangar jiki, kamar propiconazole ga elm da fiya a Amurka, da thiophanate-methyl ga mangwaro a Pakistan, amma sai an yi da wuri, ana maimaitawa, kuma yana da tsada. Saboda haka rigakafi ya fi ƙarfi. Matakan da masana ke ba da shawara a kansu su ne:

A riƙa zaga lambu ana duba gangar jiki da manyan rassa, musamman a bazara da bayan ambaliya.

A ba bishiya ruwa da taki a kan kari, a kuma yi wa ruwan da ya kwanta hanya. Kada ruwan ban ruwa ya bi ta gindin mai ciwo ya wuce zuwa mai lafiya.

A rage yi wa bishiya miki. Idan an yi aski, a shafe wurin da maganin funfuna mai sinadarin tagulla.

A goge adda da gatari da zarto da ruwan bilic ko sipirit kafin a koma wata bishiya.

A yanke reshen da ya kamu daga ƙasa da inda zanen baƙin ya tsaya, a ƙone shi nan take.

Bishiyar da ta mutu a sare ta har kututture. A ƙone itacen a wurin, ko a yi gawayi da shi, ko a lulluɓe shi ruf da farar leda a rana na makonni shida ko fiye a lokacin zafi. Kada a jibge shi a cikin lambu, kada kuma a kai shi wani gari yana ɗanye.

A sayi dashe daga wurin renon da aka sani, a duba shi kafin a dasa.

Ana iya sa ido da tarko mai sauƙi: gorar roba da aka yanke mata taga, a sa itanol kaɗan a ciki da ruwan sabulu a ƙasa, a rataye. Tarkon ba ya kawar da ƙwari, sai dai ya nuna ko suna nan da kuma lokacin da suke tashi.

Dokoki da hukumomi

A matakin duniya, an amince a 2002 da ƙa'idar ISPM 15 ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai ta ƙasa da ƙasa. Ta wajabta a gasa katakon da ake ɗaure kaya da shi har tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a turara shi da magani, sannan a buga masa hatimi kafin ya ƙetare iyaka.

A Najeriya, hukumar NAQS ce ke duba tsirrai da kayan gona a kan iyakoki da tashoshi. Cibiyar binciken gandun daji ta FRIN da cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta NIHORT duk suna da hedikwata a Ibadan, kuma NIHORT na da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ta Afirka ya shafa, inda ake renon dashe masu yawa ana rarrabawa, abin da ke ƙara muhimmancin tsaftar wuraren reno. A cikin jihar, mai lambun da ya ga alamomin da aka lissafa zai iya kai rahoto ga malamin gona ko jami'in gandun daji na ƙaramar hukumarsa, ya kuma ajiye guntun itacen da ƙwarin da ya samu a cikin kwalba mai murfi, domin a kai su sashen nazarin halittu ko na aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin ke yankin Kalgo, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero.